A Ce An Mayar da Lokaci Baya: Me Ya Rage na Zaɓin Mutum?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin injiniyanci ne, ina aji uku. Makon jiya gardama ta kaure tsakanina da abokin zamana a ɗaki har kusan asuba. Ya ce mini: a ce an mayar da lokaci baya zuwa ranar da na cike takardar neman shiga jami'a, komai ya koma yadda yake a ranar, har tunanina da maganar da babana ya yi mini da safe, to ko sau dubu aka maimaita, injiniyanci zan sake zaɓa. Wai wannan ya nuna ba ni na zaɓa ba, ji kawai nake kamar na zaɓa. Na ce masa ai ba a mayar da lokaci, saboda haka maganarsa tatsuniya ce. Amma gaskiya tun ranar abin yake damuna. Shin irin wannan 'a ce, a ce' hujja ce ta ilimi? In kuwa hujja ce, me ya rage na zaɓin ɗan Adam?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Tambayoyi biyu ka haɗa. Ta farko, ko labarin da bai faru ba, kuma ba zai taɓa faruwa ba, zai iya zama hujja. Ta biyu, in ya zama hujja, ko wannan labarin na mayar da lokaci ya rushe zaɓi. Bari in fara da abin da ba zai yi maka daɗi ba: amsar da ka ba abokinka ba ta kama shi ba, don shi ma ya san ba a mayar da lokaci. Sai dai shi ma bai ci gardamar yadda yake zato ba. Na daɗe ina koyar da falsafa ga 'yan aji ɗaya da aji biyu a jami'a, kuma ban tuna shekarar da wannan muhawara ba ta tashi a ajina ba, saboda haka na san wuraren da ƙafa take zamewa a cikinta.

Mu ƙaddara cewa

Ka lura da wani abu a bakinmu. In Bahaushe zai kafa misali da abin da bai faru ba, cewa yake "mu ƙaddara cewa". Kalmar da muke kiran abin da Allah ya rubuta da ita, ita ce dai muke buɗe zato da ita. Wannan aikin shi masana falsafa suke kira gwajin tunani. Za ka gina wani yanayi a zuci, ka share duk abin da zai raba maka hankali, ka bar abu ɗaya tak, sannan ka duba yadda hukuncinka zai motsa.

Kai ma kana yin sa kullum a aji. Malaminku ya sha cewa a ƙaddara igiyar ba ta da nauyi, ko a ƙaddara babu iska, kuma ba ka taɓa miƙewa ka ce masa tatsuniya yake yi ba. Galileo, masanin kimiyya ɗan Italiya, a 1638 ya rushe tsohon ra'ayin cewa abu mai nauyi ya fi marar nauyi saurin faɗuwa da tunani kawai. Ya ce a ɗaure ƙaramin dutse da babba a sako su tare. In ra'ayin gaskiya ne, ƙaramin zai ja babban baya, tafiyar ta ragu. Amma kuma su biyun a haɗe sun fi babban nauyi, ya kamata su fi shi sauri. Ra'ayi ɗaya ya haifi amsa biyu masu karo da juna, ka ga ke nan akwai ɓaraka a cikinsa.

Malaman fiƙihu ma sun san hanyar. Mutanen Kufa, almajiran Imam Abu Hanifa, sun shahara da ƙaddara mas'alolin da ba su auku ba, har aka yi musu laƙabi da masu "ara'aita", wato masu cewa "ya kake gani in da kaza ya faru". Imam Malik bai cika son wannan ba, an ruwaito yakan tambaya ko abin ya auku kafin ya amsa. Kowannensu yana da abin da yake tsaro. A majalisarmu ta ƙofar gida kuwa, wa bai taɓa jin an ce mahaifiyarka da matarka sun faɗa kogi, mutum ɗaya za ka iya tsamowa ba? Babu wanda yake cewa a fara nuna masa kogin.

To amma gwajin tunani yana da iyaka, kuma yana da hanyar maguɗi. Iyakarsa ita ce ba ya gaya maka yadda duniya take, abin da yake gwadawa shi ne ma'anar kalmominka da daidaituwar ra'ayoyinka. Maguɗinsa kuma shi ne a cusa amsar a cikin labarin tun daga farko. Sake karanta maganar abokinka. Ya ce ko sau dubu aka maimaita, injiniyanci za ka sake zaɓa. Wa ya gaya masa? Ai wannan shi ne abin da ake gardama a kai. Labarin bai tabbatar da shi ba, shi ne ya sa shi a ciki da hannunsa. Nan ya kamata ka tare shi.

In an maimaita sau dubu

Abin da abokinka ya ɗauka ba tare da ya faɗa ba, wani Bafaranshe masanin lissafi, Laplace, ya faɗe shi ƙarara a 1814. Ya ce a ƙaddara wani hankali da ya san inda kowace ƙwaya take a duniya a wani lokaci, ya san dukan ƙarfin da ke motsa su, kuma yana iya lissafa su. A wurin wannan hankali babu abin da ke ɓoye, jiya da gobe duk a gabansa suke. In haka duniya take, to yanayi ɗaya gobe ɗaya kawai zai iya haifarwa, kuma takardarka ta cike kanta tun kafin a haifi kakanka.

Ilimin fiziks bai tsaya inda Laplace ya bar shi ba. Tun daga shekarun 1920, binciken ƙwayoyin zarra ya nuna akwai abubuwan da ba a iya faɗin lokacin faruwarsu, sai dai a faɗi yiwuwarsu. Masana suna saɓani har yau kan ko wannan rashin tabbas a cikin halittar yake, ko a cikin saninmu. Ɗalibaina da yawa suna murna in sun ji haka, suna ganin an buɗe wa zaɓi taga. Ni kuwa a nan nake rage musu murna.

Mu ƙaddara abokinka ya yi kuskure. An maimaita ranar sau dubu, sau 600 ka rubuta injiniyanci, sau 400 ka rubuta aikin lauya. Ka tuna sharaɗin: komai daidai yake a kowane zagaye, dalilanka, burinka, tsoronka, maganar babanka. To me ya bambanta zagayen da ka rubuta wannan da wanda ka rubuta wancan? Ba dalilanka ba ne, don ba su canza ba. Ba halinka ba ne, shi ma bai canza ba. Abin da ya rage ya fi kama da jefa kwabo sama. Wani masani Ba'amurke, Peter van Inwagen, wanda shi kansa ya yarda mutum yana da zaɓi, ya kawo irin wannan maimaitawar a shekara ta 2000, ya ƙare da cewa lamarin zaɓi ya zame masa abin da ya gagari fahimta.

Ga yadda nake sa ajina su ji nauyin abin. Nakan ce, direban Adaidaita ya tsinci jakar kuɗi da fasinja ya manta, ya bi sawu ya mayar. Sai a ce mana in an maimaita ranar sau dubu, sau 400 zai gudu da ita. Darajarsa ta ƙaru a idonku ko ta ragu? Ban taɓa samun wanda ya ce ta ƙaru ba. Yabon da muke yi wa mutumin kirki shi ne "ko sau nawa ne, wane zai mayar". In mun ce hali zanen dutse game da irinsa, ba muna nufin ba shi da zaɓi ba ne, muna nufin aikin nasa ne har ƙashi. Ka ga labarin abokinka yana cizo ta kowane ɓangare. In amsar ɗaya ce kullum, ya ce tilas ce. In amsar tana canzawa, sai ta zama caca. Duk gwajin da kowace amsa a cikinsa take kai ka ga "babu zaɓi", to ka fara tuhumar ma'anar zaɓin da aka shigo da ita.

Dabino biyu da agogon Libet

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, yana da misali a littafinsa na raddi ga masana falsafa. Mutum yana jin yunwa, ga dabino biyu a gabansa, iri ɗaya ta kowace fuska, kuma ba zai iya ɗaukar duka ba. Gazali ya ce ba shakka zai ɗauki ɗaya, kuma wannan ya nuna akwai wata sifa, wato nufi, wadda aikinta shi ne ware abu daga makamancinsa ba tare da wani dalili daga waje ba. Ibn Rushd, mutumin Kurɗuba ta Andalus, wanda ya rasu a 1198, ya mayar masa da martani cewa mutumin bai fifita wannan dabino a kan wancan ba, ya fifita ci ne a kan zama da yunwa, kowanne hannunsa ya faɗa a kai ya wadatar. A Turai an san irin wannan misalin da jakin da ya mutu da yunwa tsakanin dami biyu na ciyawa, ana jingina shi ga Buridan, wani masanin falsafa Bafaranshe na ƙarni na 14, duk da ba a same shi a rubuce-rubucensa ba.

A kan wannan misalin ni ina tare da Ibn Rushd. Ko da an yarda nufi yana iya ɗaukar ɗaya daga cikin abubuwa biyu masu kama, ba wannan ne zaɓin da ya hana ka barci ba. Ba a taɓa yaba wa mutum ko a zarge shi kan wace leda ya zaro daga buhun fiyawata ba.

Na kawo dabinon ne don abokinka, in yana karance-karance, zai zo maka da gwajin Libet nan gaba. Benjamin Libet, a wata jami'a a San Francisco, ya wallafa sakamakonsa a 1983. Ya sa wa mutane wayoyi a fatar kai, ya ce su motsa yatsa ko wuyan hannu duk lokacin da suka ga dama, suna kallon wani ɗigo da ke zagaya fuskar agogo, su faɗi inda ɗigon yake sa'ad da suka ji niyyar. Ya ga wata alamar lantarki tana tashi a ƙwaƙwalwa kimanin milisakan 550 kafin motsin, amma mutum ba ya jin niyyar sai kimanin milisakan 200 kafin motsin. Aka yi ta yayatawa cewa ƙwaƙwalwa ta riga ka yanke shawara. Amma dubi abin da aka ba mutanen su zaɓa: motsa yatsa yanzu ko an jima, babu dalili, babu riba, babu asara. Dabino biyun Gazali ne aka kai ɗakin gwaji. A 2012 Aaron Schurger da abokan aikinsa suka nuna ana iya fassara alamar a matsayin hawa da saukar da ƙwaƙwalwa take yi da ma, wadda in ta kai wani mizani sai motsi ya biyo. Ni ba likitan ƙwaƙwalwa ba ne, amma ba sai na zama ba kafin in ga cewa motsa yatsa a cikin rabin sakan daban yake da shawarar da ka yi wata da watanni kana juyawa.

Ɗakin da aka kulle

Yanzu ga misalin da na fi so. John Locke, Baturen Ingila, a littafinsa na 1690, ya ce a ƙaddara an ɗauki mutum yana barci an kai shi wani ɗaki inda akwai wanda ya daɗe yana marmarin gani, aka kulle ƙofa bai sani ba. Ya farka, ya yi murna, ya zauna suna ta hira, bai ko kalli ƙofa ba. Zamansa da son ransa ne? Ƙwarai. Zai iya fita? Ko kusa. Ashe "da son raina na yi" da "ina iya yin wani abu daban" ba magana ɗaya ba ce, ko da yake kullum tare muke ganinsu.

A aji nakan mayar da shi kasuwa. Maigida ya yi tafiya ya bar yaron shago da makullin akwatin kuɗi, amma a ɓoye ya canza kwaɗon, makullin ba ya buɗewa. Yaron ya yi mako biyu bai ko taɓa akwatin ba, saboda amana. Ba zai iya sata ba ko ya so. Ya cancanci yabo? Kowa yakan ce e. Amma kusan kowace shekara akwai ɗalibi mai kaifin kai, sau da yawa daga cikin 'yan matan da ke zama a gaba, da zai ce: Malam, ai yana iya gwadawa, yana iya zura makullin, a nan zaɓinsa yake. Wannan gyara daidai ne, kuma shi ya sa Harry Frankfurt, wani masanin falsafa Ba'amurke, a 1969 ya matsar da kwaɗon daga ƙofa zuwa cikin kai. A irin misalinsa akwai wani mugu da ke da hanyar juya tunanin mutum, yana jira a ɓoye, in ya ga alamar mutumin zai kauce daga abin da yake so ya yi, sai ya sa hannu. Mutumin kuwa ya yi abin don kansa, mugun bai motsa ba. Babu wata hanya a buɗe, amma aikin nasa ne, kuma a wuyansa yake.

An yi shekaru sama da hamsin ana ja-in-ja kan misalin Frankfurt. Masu suka suna cewa wace alama mugun zai gani kafin mutum ya yi niyya, in ba an riga an ɗauka cewa niyya tana da sababin da ke tilasta ta ba? Sukar tana da ƙarfi, ban raina ta ba. Duk da haka misalin ya yi aikinsa a wurina, don ya raba kalmar zaɓi gida biyu: yawan ƙofofin da ke buɗe, da kuma inda aikin ya fito. Abokinka na farkon kawai yake aunawa.

Hannun da ke karkarwa

Malaman tauhidi sun riga su Locke da Frankfurt zuwa wannan rarrabewar ta wata hanya. A ƙarni na biyu bayan hijira an sami Jahm bin Safwan, wanda aka kashe a 746 Miladiyya, da ra'ayin cewa ana jingina wa mutum aiki ne kamar yadda ake cewa rana ta fito ko ruwa ya gudana. Mu'utazilawa, wata mazhabar tauhidi, suka tsaya a ɗaya gefen, suka ce mutum shi ke samar da aikinsa, in ba haka ba hisabi ya zama zalunci. Abul Hasan al-Ash'ari, wanda ya rasu wajen 936, kuma tafarkinsa ne mafi yawan magabatan malaman ƙasar Hausa suka karanta, ya ce Allah ke halittar aiki, bawa kuma yana da kasabi, wato tsiwirwirinsa. Hujjar da mabiyansa suke yawan kawowa gwajin tunani ce ƙarama: kowa yana jin bambanci tsakanin hannun da ke karkarwa saboda zazzaɓi da hannun da ya miƙa da niyya. Dukansu motsi ne, dukansu suna da sababi, amma ba ɗaya ba ne.

Shari'a ma a kan wannan bambancin take tafiya. Hadisi ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da mahaukaci har ya warke. Imam Malik ya tsaya a kan cewa sakin wanda aka tilasta ba ya aukuwa, har aka yi masa bulala a Madina a zamanin halifa Mansur, saboda mutane sun fahimci cewa mubaya'ar dole ma haka take. Lura da abin da ake tambaya a duk waɗannan. Babu alƙalin da ke tambaya ko aikin yana da sababi, don kowane aiki yana da shi. Abin da ake bincika shi ne wane irin sababi ne: ya bi ta hankalin mutumin da dalilansa, ko ya tsallake su?

Akwai labarin gaske da ya fi kowane ƙagaggen misali fito da wannan. A 2003 wasu likitoci biyu a jihar Virginia ta Amurka suka ba da rahoton wani mutum mai shekara 40 da mummunar sha'awa ga ƙananan yara ta taso masa. Aka gano ƙari a gaban ƙwaƙwalwarsa. Da aka cire, halin ya tafi. Bayan watanni halin ya dawo, aka duba, ashe ƙarin ne ya sake tsirowa. Abokinka zai ce to ai mu duka haka muke, namu ƙarin ne kawai ba a gani. Ni ban yarda ba. Mutumin ya san abin da yake yi laifi ne, amma sanin ba ya isa ga hannunsa. Kai kuwa in aka kawo maka dalili mai ƙarfi, tafiyarka tana canzawa. Wannan bambanci ne da ake iya gwadawa, kuma yana nan ko duniya irin ta Laplace ce ko ba irinta ba.

Inda abin ya tsaya mini

Kada ka ɗauka na rufe maganar. Akwai misalin da har yau yake tsaya mini a wuya. A ƙaddara tagwaye, an raba su ranar suna. Ɗaya ya tashi a gidan da ake tashinsa sallar asuba ana duba littafinsa, ɗaya ya tashi a hannun 'yan daba. Sun kai shekara ashirin, kowanne yana aiki da hankalinsa da dalilansa, babu ƙari, babu bindiga a ƙeya. Amma ma'aunin da kowanne yake auna dalilai da shi, wa ya ba shi? Galen Strawson, wani masanin falsafa Baturen Ingila, ya tsara wannan hujjar a taƙaice: kana yin abin da kake yi saboda yadda kake, kuma ba kai ka yi kanka ba tun daga tushe. Ana iya cewa mutum yana gyara halinsa da kansa, gaskiya ne, amma da wane hali ya fara gyaran? Abin da na iya ɗauka daga nan shi ne, alhaki yana da daraja-daraja, kuma zafin da muke yi wajen hukunta na biyun ya kamata ya san da wannan. Ban iya kai hujjar ƙasa gaba ɗaya ba, kuma ban ga wanda ya kai ta yadda ya gamsar da ni ba.

Ta ɓangaren addini kuma, za ka ji ana cewa sanin Allah ba tilastawa ba ne, kamar malamin da ya san ɗalibinsa zai faɗi jarrabawa. Misalin yana da amfani daidai gwargwado, don sani shi kaɗai ba ya tura kowa. Sai dai malamin bai halicci ɗalibin ba, saboda haka misalin bai taɓa wurin da ya fi wuya ba. Ana ruwaito cewa Ash'ari ya tambayi malaminsa al-Jubba'i, babban Mu'utazili na Basra, game da 'yan'uwa uku: ɗaya ya girma mumini, ɗaya ya girma kafiri, ɗaya ya mutu yana yaro. In yaron ya ce, ya Ubangiji, me ya sa ba ka bar ni na girma na sami darajar ɗan'uwana ba? Jubba'i ya ce za a ce masa an san in ya girma zai saɓa, mutuwarsa ta fi masa alheri. Ash'ari ya ce, to in kafirin ya ce, ni me ya sa ba a ɗauke ni ina yaro ba? Aka ce malamin ya yi shiru. Ka ga gwajin tunani ya rushe wata ƙa'ida, amma bai gina wata a wurinta ba. Ni malamin falsafa ne, hukuncin aƙida na masu shi ne, ka kai musu wannan ɓangaren. Abin da zan iya nuna maka shi ne yadda Sayyidina Umar ya yi da aka gaya masa annoba ta ɓarke a Sham yana kan hanya. Ya yi shawara, ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya ce masa, gudun ƙaddarar Allah? Ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Sannan shi ma ya kafa misali: mai raƙuma a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya busasshe, duk inda ya kiwata da ƙaddara ya kiwata. Bai ɗauki yin shawara da auna dalili a matsayin kishiyar ƙaddara ba.

To mu koma kan takardarka. In kun sake zama da abokinka, ka karɓi labarinsa, kada ka ce tatsuniya ce, amma ka nemi ya bar ka ka canza abu ɗaya a ciki. A mayar da lokaci, komai yadda yake, sai dai a wannan karon da safe ka sami tabbacin cewa kwas ɗin ba ya kai mutum ga aikin da kake buri, ko ka gano abin da ya ja ka gare shi ƙarya aka yi maka. Za ka sake rubuta injiniyanci? In amsarka a'a ce, to hannunka yana bin dalilanka, kuma maimaitawa sau dubu da dalilai iri ɗaya ba abin da za ta nuna sai cewa kai ɗin dai kai ne. In kuwa ka ga babu wani labari, kowane iri, da zai sa ka rubuta wani abu daban a ranar, to akwai abin dubawa, kuma ba a wurin Laplace yake ba. Ka koma ka tuna me babanka ya ce maka da safen nan, da kuma ko a gidanku ana iya ce masa a'a.